Ruwa ba ya kore banza: rana, taki da gansakukar tafkunan kan tsaunuka

Daga watan Maris zuwa Afrilu, idan bazara ta kankama a Zariya, duk kududdufin da bai ƙafe ba a cikin birni ko Tudun Wada ko Sabon Gari yakan rikiɗe ya koma kore shar. Ka tambayi mazauna bakinsa dalili, amsar guda ce: rana ce. Zafi ya yi yawa, ruwa ya tsaya cik, gansakuka ta samu wurin zama. 'Yan boko kuma sun samu tasu sabuwar amsar, wato sauyin yanayi, wanda yanzu ake ɗora wa alhakin komai tun daga tsadar tumatir har zuwa zazzaɓin yara. Akwai ƙamshin gaskiya a duka biyun, sai dai kududdufinmu ba zai iya raba gardamar ba. Komai ya taru a cikinsa lokaci guda, rana da zafi da kwata da bola da kashin dabbobi da ruwan wanki, babu yadda za ka ware wanda ya yi aikin.

Shi ya sa masu nazarin ruwa suke hawa tsaunuka. Tafkin da ke mita 2,500 ko 3,000 sama da teku, inda sanyi ya hana itace tsirowa, ba shi da gona a gefensa, ba shi da kwata. Duk abin da zai sauya shi daga sama zai zo masa: haske, zafi, ƙura, hayaƙi, da abin da ruwan sama ya kwaso a hanya. A irin wannan wuri ana iya bin dalilai ɗaya bayan ɗaya. Abin da aka gano a can kuwa ya saɓa wa tunaninmu na yau da kullum, domin a kan tsauni rana ta fi zama abokiyar gāba ga gansakuka, kuma abin da ya fi saurin juya ruwa kore shi ne taki, ko da ɗan mitsitsi ne.

Gansakukar da ake nufi a nan ta wuce koren zaren da ke manne wa dutse ko gindin randa, kuma ba kainuwa ko bado ba ce, waɗannan tsirrai ne masu saiwa da ganye. Mafi yawanta ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma, tana yawo a cikin ruwa. Akwai koriya, akwai dayatom mai ɓawo na gilashi, akwai kuma sayanobakteriya, wadda a zahiri ƙwayar bakteriya ce da ke sarrafa haske kamar tsiro. Gansakuka ita ce abincin ƙananan ƙwarin ruwa, su kuma kifi ya ci su. Wajen rabin iskar oksijin da masu rai ke samarwa a duniya daga irin waɗannan halittu na cikin teku da tafkuna take fitowa.

Hasken rana ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda muke gani, shi gansakuka ke haɗa abincinta da shi. Akwai kuma wanda ido ba ya gani, altarabayolet, mai ƙona fata da lalata ƙwayoyin gado. Duk mita 1,000 da ka hau, ƙarfin wannan haske mai ƙuna yana ƙaruwa da kimanin kashi 10 zuwa 12 cikin 100, saboda iskar da ke tace shi ta ragu. Wannan ƙari ma ba shi ne babbar matsalar ba. Babbar matsalar ita ce garau ɗin ruwan. A tafkin da ke cikin daji, ganyaye da saiwoyi da ruɓaɓɓiyar ƙasa suna jiƙa su rina ruwan ya yi ja-ja kamar shayin da bai ji madara ba, kuma wannan rini yana shanye altarabayolet cikin 'yan santimitoci daga sama. Tafkin da ke saman iyakar itatuwa duwatsu ne kawai suka kewaye shi, babu abin da zai rina shi, don haka hasken mai ƙuna yana ratsawa mita goma ko fiye, wani lokaci har ƙasan tafkin. A wani ɗan tafki mai suna Gossenkölle a tsaunukan Alfus na ƙasar Ostiriya, mita 2,400 da 'yan kai sama da teku, masanan Jami'ar Innsbruck sun daɗe suna auna wannan. Ƙanƙara tana rufe shi fiye da rabin shekara, sai ta narke daidai lokacin da rana ta fi ƙarfi, halittun da suka saba da duhu su wayi gari cikin ƙuna.

To yaya gansakuka take rayuwa a irin wannan wuri? Da dabaru biyu. Ta farko gudu. A tafkuna masu haske sosai ba a saman ruwa ake samun tarin gansakuka ba, sai can ƙasa inda ƙuna ta ragu amma hasken abinci bai ƙare ba. Tafkin Kireta na jihar Oregon a Amurka, wanda ke cikin bakin tsohon dutse mai aman wuta kuma zurfinsa ya kai mita 594, sai an nutsa fiye da mita 100 ake tarar da inda gansakukarsa ta fi yawa. Ta biyu kariya. Wasu nau'o'in suna haɗa sinadaran da ke shanye altarabayolet kafin ya yi ɓarna, wasu suna tara jan launi. Ƙwarin ruwan da ke cin su sai su gaji launin, shi ya sa a tafkunan kan tsauni ake ganin ƙananan ƙwari jajaye wur. Har dusar ƙanƙara tana da tata gansakukar da ke mayar da ita ruwan hoda, kamar yadda aka gani a tulin ƙanƙarar Presena ta Italiya a 2020, kuma da zarar dusa ta yi duhu sai ta ƙara shan zafi ta ƙara saurin narkewa. Duk wannan kariya tana cin ƙarfi, ƙarfin da da girma da hayayyafa za a yi da shi.

Da maganar ta tsaya nan da sai a ce yawan ƙuna, ƙarancin gansakuka, shi ke nan. Wani gwaji da Max Bothwell da abokan aikinsa suka wallafa a 1994 ya dagula lissafin. A yammacin Kanada suka zuba ruwan kogi cikin ƙananan kwaroro, suka rufe wasu da abin da ke tare altarabayolet, suka bar wasu a buɗe. Da farko gansakukar da ke buɗe ta tsumbure, kamar yadda kowa ya zata. Da aka ɗauki makonni sai ta fi ta inuwa yawa. Dalili shi ne tsutsotsin da ke cin ta sun fi ta rashin jure ƙunar, suka ƙaurace wa wuraren da ke buɗe suka cika inuwa suna kiwo. Rana ta cuci gansakuka, amma ta fi cutar mai cin ta, sai ta fito da riba. A ganina duk wanda zai yi magana kan wannan fanni ya kamata ya riƙe wannan gwaji, domin ya nuna ba a auna illar abu a kan halitta ɗaya tilo a ce an gama.

Hayaƙi ma ya ba da nasa darasin. A 2018 gobarar daji ta turnuƙe arewacin Kalifoniya makonni da dama, hayaƙi ya lulluɓe wani tafkin kan dutse mai suna Castle wanda ake auna shi tun 1959. Hasken mai ƙuna ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, hasken abinci kuma ɗan kaɗan ya ragu. Gansakukar saman ruwa ta samu sauƙi, aikinta ya ninka, ta can ƙasa kuwa da dama da ƙyar haske ke isa gare ta ta ja baya. Abu ɗaya, tafki ɗaya, sakamako biyu masu karo da juna.

A shekarun 1980 da 1990 fargabar duniya ita ce huɗar rufin ozon da ke tace altarabayolet. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta hana sinadaran da ke cin rufin, kuma yana farfaɗowa. Yanzu abin da ya fi ƙayyade yawan ƙunar da ke shiga cikin ruwa shi ne launin ruwan kansa, shi kuma yanayi ne ke juya shi. Inda ɗumama ta sa itatuwa suna hawa tsauni, rini yana ƙaruwa, tafki ya samu inuwa. Inda fari ya tsananta, rafuka ba sa kawo rinin, ruwa ya ƙara haske, ƙuna ta ƙara zurfi.

Nahiyarmu tana da nata rabon a wannan. Tsaunukan Ruwenzori da ke tsakanin Yuganda da Kwango suna da tulin ƙanƙara mai faɗin kusan murabba'in kilomita 6.5 a 1906, zuwa 2003 bai cika 1 ba. Kilimanjaro ya rasa kusan kashi 85 cikin 100 na ƙanƙararsa tsakanin 1912 da 2007, Dutsen Kenya ma haka zancen yake. Ƙanƙara mai motsi tana niƙa dutse ya zama gari mai laushi, garin ya bi ruwan narkewa ya shiga tafki ya mayar da shi fari-fari, haske ba ya wucewa. Muddin ƙanƙara tana narkewa tafkin a gurɓace yake da wannan gari, ranar da ta ƙare kuwa garin ya kwanta, ruwa ya yi garau, halittun ciki su sauya kusan gaba ɗaya. Ke nan ɗumama iri ɗaya tana iya duhunta tafki yau ta haskaka shi bayan shekara talatin.

Shi kansa zafin, ba ta hanyar dafa ruwa yake aikinsa ba. Wani nazari na 2015 kan tafkuna 235 a faɗin duniya ya nuna saman ruwansu yana ƙara ɗumi da kimanin digiri 0.34 duk shekara goma tsakanin 1985 da 2009. Wannan bai kai a ji shi a fata ba. Amma ruwa mai ɗumi ya fi mai sanyi rashin nauyi, don haka yana zama a sama ya ƙi gauraya da na ƙasa, kuma duk ƙarin ɗumi yana ƙara wa wannan rabuwa ƙarfi da tsawon lokaci. Dayatom masu nauyi da sai ruwa yana juyawa suke iya tsayawa a sama sai su nutse, ƙanana marasa nauyi su karɓi wurin. An ga haka a Tafkin Taho na Amurka, inda 'yan ƙananan dayatom da ake kira Cyclotella suka yawaita, an kuma gani a tafkunan Cajas na tsaunukan Andis a Ekwado, waɗanda birnin Cuenca ke shan ruwansu, tun daga shekarun 1960. A Tafkin Tanganyika kuwa, wanda ba na ƙololuwar tsauni ba ne amma misalinsa ya dace, rabuwar ta hana takin da ke kwance a ƙasa tasowa sama, gansakuka ta ragu, masana suka kiyasta a 2003 cewa raguwar ta kai kusan kashi 20 cikin 100, kifi ma ya bi sahu. Wanda ya ce zafi kullum ƙara gansakuka yake yi, masuntan Tanganyika za su ƙaryata shi.

Ana sanin tarihin duk wannan ne saboda ɓawon dayatom ba ya ruɓewa. Yana kwanciya a lakar ƙasan tafki shekara bisa shekara, kowane nau'i da zanensa. A zura bututu a zaro lakar, a yanka ta siri-siri, sai a karanta waɗanda suka rayu a kowane zamani.

Da aka yi haka a tafkunan Loch Vale na tsaunukan Roki a jihar Kolarado, inda masaniya Jill Baron ta fara aiki tun farkon shekarun 1980, sai aka tarar ɗaruruwan shekaru nau'o'in ba su sauya sosai ba, sai wajen 1950. Daga nan wasu dayatom biyu masu son ruwa mai taki, Asterionella da Fragilaria, suka mamaye. Babu wanda ya zuba taki a tafkunan. Naitirojin ne ya zo ta sama, daga hayaƙin motoci da masana'antu, da tururin takin zamani da na garken shanun da ke filayen gabas da tsaunukan, ya sauko cikin ruwan sama da dusar ƙanƙara. Baron ta lissafa cewa kilo 1.5 na naitirojin a kan hekta ɗaya a shekara ya isa ya fara juya irin wannan tafki. Manomin masara a Giwa ko Soba zai gane ƙanƙantar wannan adadi. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, wato buhu ɗaya tak, in aka barbaza shi a kan hekta 15, ya kai mizanin. A shekarun baya-bayan nan koriyar gansakuka mai zare ta fara shimfiɗuwa a ƙasan waɗannan tafkuna, kuma masu binciken sun danganta hakan da haɗuwar takin da ɗumama. Takin ne ya riga zuwa, zafin ya same shi a wurin.

Taho ma haka ta faru da shi. Da can naitirojin ne ya yi wa gansakukarsa ƙaranci, sai wanda ke saukowa daga sama ya wadata shi, zuwa farkon shekarun 1980 fosfaras ya koma abin da take jira. Fosfaras kuwa, wanda manomanmu suka sani a takin sufa da kamfa, ba ya tashi a matsayin iska. A cikin ƙura yake tafiya.

A nan ne labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu. Babban tushen hazon da ke rufe dutsen Kufena na Zariya a Disamba da Janairu shi ne kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, inda iska ke matsewa tsakanin tsaunukan Tibesti da Ennedi ta kwashi farar ƙasa. Wannan kwari ƙasan tsohon Tafkin Chadi ne, wanda kimanin shekara 7,000 da suka wuce faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 350,000. Farar ƙasar kuma, mafi yawanta ɓawon dayatom ne da suka rayu a tafkin. Wani ɓangare na ƙurar da muke kakkaɓewa daga tabarma da gilashin mota da hunturu, gawar gansakuka ce. Charles Darwin ya tattara ƙurar da ta sauka a jirgin ruwan da yake ciki kusa da tsibiran Kef Bade a 1832, masanin Jamus Ehrenberg ya duba irin wannan ƙura ya ga ɓawon halittun ruwan daɗi a tsakiyar teku. Ƙurar Sahara tana ƙetare Atilantika ta kai fosfaras dajin Amazon, wadda ke tashi daga arewacin hamadar kuma tana haurawa Turai. A tafkin La Caldera da ke tsaunukan kudancin Sifen, sama da mita 3,000, masanan Jami'ar Granada sun nuna ƙurar tana kai fosfaras da kalsiyam, kuma idan fosfaras ya sauka yadda gansakuka ke ɗaukar ƙunar rana ma sauyawa yake yi. A yammacin Amurka lakar tafkunan kan tsauni ta nuna ƙura ta ninka kusan sau biyar a ƙarni na 19, lokacin da aka cika filaye da shanu da tumaki suka tattake ƙasa. Kiwo a kwari, sauyi a ƙololuwa.

Akwai kuma kifin da mutane suka riƙa zubawa a tafkunan da asali ba su da kifi, don masu kamun nishaɗi. Kifin ya cinye jajayen ƙwarin nan da launinsu ya tona musu asiri, mai cin gansakuka ya ragu, kashin kifin kuma ya zama ƙarin taki.

Ruwanmu na Zariya kishiyar tafkin kan tsauni ne. Garin bai wuce mita 700 sama da teku ba, kuma dam ɗin Kubanni da Jami'ar Ahmadu Bello ke sha, da na kogin Galma, ba garau suke ba. Da damina jan ruwa ne ke shigowa, laka ta tare haske, gansakuka ba ta iya yin yawa duk da cewa a daidai lokacin ne taki ke kwararowa daga gonaki da kwatocin unguwanni. Bayan Oktoba laka ta fara kwanciya. Sanyin hunturu da iskarsa suna juya ruwan, hazo yana rage rana. Sai bazara ta zo da haske da zafi da tsayawar ruwa, ga ruwan ya ja baya takin ya taru wuri ɗaya. Abin da mai kallo ke gani a Afrilu an loda shi tun Agusta. A ƙasa mai zafi irin tamu haske da ɗumi ba su cika yin ƙaranci ba, don haka abin da ya rage a hannun mutum shi ne abin da ke shiga ruwan. David Schindler ya tabbatar da wannan a 1973 a wani tafki a Ontariyo ta Kanada. Ya raba shi biyu da labulen roba, ya zuba naitirojin da kabon a duka ɓangarorin, ya ƙara fosfaras a ɗaya kawai. Rana ɗaya ce ke dukansu, zafi ɗaya, amma ɓangaren fosfaras ne kaɗai ya koma kore.

Ba maganar kyan gani ba ce kawai. Ruwa mai ɗumi, tsayayye, mai yawan fosfaras shi sayanobakteriya ta fi so, kuma wasu nau'o'inta suna fitar da dafin da ke taɓa hanta. Tafasawa ba ta kashe shi, alam kuma datti yake kwantarwa, ba ya cire dafin da ya riga ya narke a ruwa. A Agustan 2014 an hana kimanin mutum 400,000 a birnin Toledo na Amurka shan ruwan famfo na kusan kwana uku saboda shi, a 2020 kuma gwamnatin Botsuwana ta ɗora masa alhakin mutuwar giwaye fiye da 300. Makiyayin da ke shayar da garke a koren kududdufi da bazara, da ɗan garuwar da ke ɗiba inda ya samu, su ne a sahun gaba. Shi ya sa nake ganin ɗora komai kan sauyin yanayi wata hanya ce ta zame wa aiki. Ba mu da iko da zafin duniya daga Samaru, amma noman rani har bakin dam da sakin kwata cikin rafi a hannunmu suke.

Tafkunanmu na kan tudu, irin su Tilla a tsaunin Biu da Pidong a yankin Mangu na Filato, da ruwayen Mambila, ba su kai tsayin da itace ke daina tsirowa ba, kuma gonaki da dabbobi sun kewaye su, don haka sauyin da ke zuwa daga sama da wanda ke gangarowa daga gona a cakuɗe suke. Raba su sai da awo na dogon lokaci, awon kuma ba shi da tsada. Kayan aikin farin faifai ne ɗaure da igiya, wanda wani malamin Italiya Angelo Secchi ya fara amfani da shi a 1865. A zura shi a ruwa har ya ɓace wa ido, a rubuta tsawon igiyar. Da shi ake auna Taho ba fashi tun 1968, lokacin da ake hango faifan a zurfin kusan mita 30, yanzu kuwa wajen mita 20 ne. Ɗalibin sashen nazarin halittu a Samaru zai iya yin irinsa a Kubanni da kwalekwale da littafin rubutu, in dai za a samu wanda zai karɓa daga hannunsa idan ya gama digiri ya tafi bautar ƙasa.